Yatsa Uku a Bakin Bindiga

Yayana, wanda nake bi, da hannun hagunsa yake ciyar da gidansa. Ba bahago ba ne, ɗan dashen albasa ne. Wanda bai taɓa tsugunawa a fangali ba zai ɗauka dama ce ke yin aikin, tunda ita ke cusa iri a laka. Ina! Hagu ce uwar tafiya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ke danne damin irin a tafin hannu, babban yatsa da manuni suna turo shi ɗaya-ɗaya. In hagu ta yi nawa, dama sai ta zauna jira. Yaya kuwa hagunsa kamar bakin kaza a kan tsaba. Da lokacin dashe ya kama, masu manyan gonaki daga Aliero har Jiga Birni aikowa suke yi a ɗauko shi, kuma abin da ya samu a ɗan tsakanin nan shi ke riƙe gidansa har damina. Labarin wannan hannun zan bayar, shi da wasu sandunan ƙarfe guda biyu.

Baba ya rasu a shekarar da aka cire mu daga Sakkwato aka ce mun zama Kebbi. Manomi ne a Dangamaji, amma yana taɓa harbi, kuma ya bar bindigogin toka biyu. Ɗaya wani maƙeri ne a Maiyama ya ƙera masa ita da bututun sitiyarin babbar mota, muna ce mata doguwa. Ɗayar aikin wani maƙeri ne a Jega, muna ce mata gajeruwa. Sunan ne ya yi girma, don sai ka jera su za ka ga wadda ta fi wata. Kowace da sandar ɗurinta, wato siririn ƙarfen da ake tura albarushi da dalma da shi har gindin bututu.

Mun sha ganin Baba yana ɗuri. Zai kafa gindin bindiga a ƙasa, ya riƙe wuyanta da dama, ya zuba albarushi, ya tura ɗan tsumma, ya danna da sanda. Sai ya bar sandar a ciki, ya jera yatsun hagunsa a jikin abin da ya fito sama da bakin bututu. In yatsa uku ya rufe shi, awo ya yi, sai dalma ta biyo. In bai kai ba, ya ƙara. Iyakar karatunmu ke nan, ni da Yaya: yatsa uku. Ba mu taɓa bin sa daji da niyyar koyo ba, shi kuma bai taɓa zaunar da mu ba. Akwai abin da kowane maharbi ya sani har ba ya ganin dalilin faɗarsa, to wannan abin ne Baba ya tafi da shi.

Ranar rabon gado ba a tashi da daɗi ba. Baffanmu, ƙanen Baba, shi ya zauna da malamin unguwa suka raba. Fadamar bayan gida ta faɗo mini, Yaya ya sami gonar tudu da ke wajen Maiyama, wadda ta fi tawa faɗi amma ba ruwa. Ya ce an cuce shi. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba tun ina yaro, na ce in faɗi yake so ga shi an ba shi, ya je ya yi ta birgima. Baffa ya daka mini tsawa, amma magana ta riga ta fita.

Da aka zo kan bindigogi, suna rataye a bangon ɗakin Baba, sandunan kuwa suna tsaye a cikin wani tsohon tulu a lungu, tare da ƙotar fartanya da sauran tarkace. Baffa ya ce babba ya fara zaɓa. Yaya ya sauke doguwa. Ya je wurin tulu ya zaro sanda mai kan tagulla, wadda hannun Baba ya goge har tana sheƙi. Ita kowa ya saba gani a hannun Baba a ƙarshen rayuwarsa, don da tsufa ya zo masa gajeruwa kaɗai yake iya ɗauka. Babu wanda ya tsaya ya haɗa wannan da wancan. Ni na ɗauki bindigar da ta rage da sandar da ta rage, baƙa mai lanƙwasasshen kai. Bayan sadakar arba'in Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma kusa da gonarsa, gaisuwa ma sai a bakin wasu.

Da damina ta yi nisa birai suka sa mini masara a gaba. Na sauko da gajeruwa, na ɗura kamar yadda na ga Baba yana yi, na auna yatsa uku cif, na laɓe a gindin wata kirya da hantsi. Wani ƙaton biri yana zaune yana ɓare masarata kamar ubansa ne ya shuka. Na saita, na ja kunama. Bindiga ta ce fus! Hayaƙi ya ɗan fito, dalma ta faɗi nan gabana. Birin ya dube ni, ya dubi masarar hannunsa, ya ci gaba da ci. Wallahi da akwai dutse kusa da na fi samun biyan bukata.

Na ce albarushin ne ya sha sanyi. Na shanya shi, na sake, fus. Na sayo sabo, fus. Kafin a yi girbi duk Dangamaji an san bindigata tari take yi. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Ya mai jiki? An ba ta kanwa kuwa?" Wani ya ce in kai ta a cire mata beli. Ni da ba na haƙura da tsokana, sai da na daina bi ta hanyar.

A daidai lokacin kuma labari yana zuwa daga Maiyama cewa bindigar Yaya aradu ce. In ya harba, wai awaki sai sun tsinke igiya. Ya kashe gadun da ke tone masa rogo, ya aiko wa maƙwabta da labari, ni bai aiko mini ba. Tsofaffi suna cewa ko a hannun Baba doguwa ba ta taɓa yin irin wannan ƙara ba. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce shi ke nan, an ba shi bindiga, ni an ba ni bututun hura wuta.

Wata ranar kasuwar Jega na naɗe ta a buhu na kai wa wanda ya ƙera ta. Tsoho ne a lokacin, idonsa ɗaya ya yi fari, amma yana kan aikinsa. Na tarar da wani malamin makaranta a wurin, Kirista, daga cikin baƙin da aiki ya kawo mana da aka yi sabuwar jiha. Shi bindigar Bature gare shi mai baki biyu, kuma yana sake cika kwanson harsashin da ya riga ya harba, don sabo wuyar samu yake. Ya zo da wani ɗan ƙarfe na matse bakin kwanso da ya saya a garinsu. Jajayen kwanso yana matse su lafiya, koraye kuwa, da wani kamfani ya yi, sai ya tauna musu baki su ƙi shiga bindiga. Yana so a ɗan goge masa. Maƙerin ya juya ƙarfen ya miƙa masa abinsa, ya ce in ya goge don koraye, jajayen za su ƙi, su ma Turawan kowa da nasa awon. Malamin ya yi dariya ya ce to zai rabu da korayen. Ya matsa mini wuri a kan benci.

Na kwance buhu na fara zuba ƙorafi, har da cewa ko aikin ne tun asali bai yi ba. Tsohon ya karɓi bindigar. Ya leƙa bututu ya tabbatar babu komai a ciki, ya kafa ta a ƙasa, ya saki sandata a ciki. Ta sauka ta ce ƙwal, kanta ya tsaya a waje. Ya jera yatsunsa: biyu.

"Bindigar ga tau ta, ni niƙ ƙera ta," in ji shi. "Amma sandar ga ba tau ba ta. Ta mutumin Maiyama ta, shi ka lanƙwasa kai haka."

Na ce sanda ai sanda ce, Baba.

"Sanda sanda ta ga mai kiwo. Kowane maƙeri daidai da bututunai shika yanke sanda. In ka sake ta cikin bindiga babu komi, kanta shi yi daidai da baki, ko ƙwayar gero ba ta hita. Daga nan aka fara awo. Kai tun ba ka zuba komi ba kana da yatsa biyu. In ka auna uku, yatsa guda ɗai kaka zuba mata, ƙaƙa ba za ta yi tari ba?"

Malamin makaranta ya ƙyalƙyale da dariya, ni ma na fara. Sai na ga tsohon bai yi ba. Ya ajiye sandar a kan uwar maƙera ya dube ni da idonsa mai gani.

"Ina tau sandar, mai kan tagulla?"

Na ce tana wurin Yayana, tare da doguwa.

"Shina harbi da ita?"

Na ce ai duk ƙasar Maiyama an san yana harbi.

"Yatsa nawa shika aunawa?"

"Uku, kamar Baba."

"To ba uku shika zubawa ba. Biyat shika zubawa. Sandar ta gaza, sai ya cika abin da tag gaza kahin ta leƙo. Bututun mota na, kuma ya tsuhwa. Ran da yag gaji, hannun da ad ɗauke da shi za shi ci. Tashi ka tahi, yaro."

Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma ban ji zafin ce mini yaro da ya yi ba. Tsoro ne ya kama ni. Ƙarar nan da nake wa hassada, ashe bututu ne ke kuka. Kuma na san hannun da ke tallafe bututu in za a harba, hagu ne.

Na bar bindigata a maƙera, na ɗauki baƙar sanda, na shiga motar da ke komawa Maiyama da 'yan kasuwa. Na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ya amsa sallamata a ciki-ciki, idonsa a kan sandar.

"Mi yak kawo ka?"

Na tsuguna, na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa duk abin da maƙeri ya ce, a hankali, har ina mamakin kaina. Na ce musanya kawai za mu yi, ya ba ni mai tagulla ya karɓi wannan.

Ya yi wani murmushi da na sani tun muna yara. "An ba ka hwadama, bai ishe ka ba. Yanzu sandar Baba kaz zo karɓa."

"Haba Yaya! Me zan yi da sanda? Hannunka nake jiye wa. Ɗauko bindigar ka saki sandar a ciki, ka gani da idonka."

"Tana ɗure."

"To in ka harba, kafin ka sake ɗurawa."

"Taka ta ƙi tashi, tau tana tashi, shi na ciwonka. An hwaɗa man tari takai."

Na roƙe shi ya bari in ganta kawai. Ya shiga ya ɗauko don ya nuna mini isa, ba don ya yarda ba. Na shafa bututun daga baki zuwa gindi. Can ƙasa, daidai inda hannu ke tallafewa, ƙarfen ya ɗan yi ciki, ido ba ya gani sosai amma tafin hannu yana ji. Na kama hannunsa na ɗora a wurin. Ya fizge ya ce haka take tun zamanin Baba.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce to riƙe mai tagullar, ka rataye ta a wuya in ka ga dama, amma ka yi awo da wannan, ni na bar maka duka biyun. Ya ce ba ya son sadakata. Na ce ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, jaki ma in ya ga rami yana tsayawa. Ya miƙe, ni ma na miƙe. Matarsa ta leƙo daga zaure tana ba mu haƙuri. Sai ya faɗi abin da ke ransa.

"Ita ab bisa hannun Baba har yab bar duniya. Ita kaɗai niz zaɓa da kaina cikin kayan ga duka. Da ita shika awo, da ita nika awo."

Na gane shi sarai. Na jingina baƙar sanda a bangon zaure, na ce wa matarsa don girman Allah ta sa baki, na juya. Daga baya na tura Baffa, ya je ya dawo ya ce Yaya ya ce ya ji. Na tura wani abokinsa. Shi ma ya ji. Sandar kuwa, an ce mini, tana nan inda na jingina ta, har matar ta fara kore kaji da ita.

Ana gab da fara dashe, wata safiya ina tasha a Jega ina jiran taki, sai ga wata mota daga hanyar Maiyama ta tsaya, wani ya leƙo yana kiran sunana. Yaya yana kwance a baya, an naɗe hannunsa da rawani, rawanin ya jiƙe. Wani gadu ne ya shiga rogo, ya bi shi da sassafe, bututu ya tsage daga gindi. Fuskarsa ta tsira sai ɗan ƙuna a kunci. Na shiga motar. Bai dube ni ba.

A asibiti aka wanke aka ɗinke. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu abin da za a ɗinka, can suka tsaya a gonar rogo. Da ciwon ya kame muka kai shi Aliero wurin wani mai ɗori saboda ƙashin tsintsiyar hannun da ya goce. Mai ɗorin ya gyara, ƙashi ya kama tsaf. Ya ce abin da ya karye aikinsa ne, wanda babu kuwa sai haƙuri.

Dashen wannan shekarar ya wuce shi. A na shekarar da ta biyo baya wani mai gona a Jiga Birni da ya daɗe yana kiransa ya aiko, don kara. Ni ma ina wurin, na kai iri. Na ga Yaya ya tsuguna a bakin fangali, ya ɗauki dami ya sa a hagu. Ya turo na farko, sauran suka zube a laka. Ya tsince, ya sake, suka zube. Ya gwada matse damin a ƙirji, ya gwada ajiye shi a ƙasa yana ɗauka ɗaya-ɗaya. Waɗanda a da yake bari a baya suka kai ƙarshen layi suka juyo, shi bai yi rabi ba. Babu wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Da azahar ya wanke hannu ya tafi, ba a sake aikowa ba, shi ma bai sake nema ba. Ya koma tsaron rumbunan albasar wasu. Na yi fushi da shi, fushi mai tsanani, kuma ban ga laifina a ciki ba, don na je, na faɗa, na aika. Tausayinsa kuma ya hana ni sakat. Duka biyun suna nan tare, ba wanda ya kori wani.

Bayan girbin geron da ya biyo baya ya zo Dangamaji, karo na farko tun rabon gado. Ya gaisa da mutanen gida, ya sha ruwa, muka zauna a zaure muna zancen damina kamar babu komai. Can ya jawo wani abu naɗe a tsumma daga gefensa ya kwance. Sanda mai kan tagulla ce.

"Ɗauko gajeruwa," in ji shi.

Na ɗauko. Tun da na karɓo ta daga maƙera ban sake harba ta ba. Ya leƙa ciki, ya kafa ta a ƙasa, ya saki sandar. Ta ce ƙwal, tagullar ta tsaya daidai da baki. Ya shafa wurin da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Kana da albarushi? Ɗura mu gani."

Na zuba, na tura tsumma, na danna, na bar sandar a ciki. Ya karɓi wuyan bindigar da dama kamar yadda Baba ke yi, ya kai hagunsa jikin sandar kafin ya tuna. Manuni ya kwanta, na tsakiya ya kwanta, sama da su saura ƙarfe tsirara har zuwa tagulla. Ya tsaya yana kallon wurin. Sannan ya janye hannun ya sa a cikin riga.

"Auna da naka," in ji shi.

Na matso na jera nawa, uku ne cif.